Labarin Kansilan Dawakin Tofa Da Ƙofofin Da Littafin Hausa Ke Bi Ya Fito

Ku sani, ya ku jama'a masu karatu, cikin shekarar 1976, sa'ad da Gwamnatin soja ta sake tsarin ƙananan hukumomi a Nijeriya baki ɗaya, aka zaɓi wani saurayi mai shekara 29 da haihuwa ya zama kansila a majalisar Dawakin Tofa. Sunansa Bashir Usman Tofa. Da shekara ta zagayo, watau 1977, aka sake zaɓensa ya tafi Ikko, ya zauna cikin majalisar da ta duba tsarin mulkin ƙasa. Daga nan ya yi ta gaba cikin sha'anin siyasa da ciniki, har ran 12 ga watan Yuni 1993 ya tsaya takarar shugabancin Nijeriya a jam'iyyar NRC, ya kara da Alhaji M.K.O. Abiola na SDP, zaɓen nan da Janar Babangida ya soke. Ya rasu ran 3 ga watan Janairu 2022, yana da shekara 74. Allah ya ji ƙansa.

To, duk wanda aka tambaya labarin mutumin nan, zaɓen 1993 zai fara ambata. Kaɗan ne za su tuna ya zauna ya rubuta littattafai da harshen Hausa, kamar su Tunaninka Kamanninka, da Kimiyyar Sararin Samaniya, da Amazadan a Birnin Aljanu, da Rayuwa Bayan Mutuwa, da Mu Sha Dariya. Wannan sashe na rayuwarsa ya kamata a duba, a gwada shi da na waɗansu mawaƙa da marubuta na wannan zamani, don a gane abu guda. Allah yana ba da hikima ga wanda ya so, ɗan sarki ko ɗan talaka. Amma kafin hikimar nan ta zama littafin da za a riƙe a hannu, tilas ta bi ta wata ƙofa, kuma asalin mutum da abin hannunsa su ke nuna masa ƙofar da zai bi. Wanda duk ya rasa ƙofa kuwa, hikimarsa ta kan bi shi kabari.

Ƙasar Dawakin Tofa wuri ne mai kyau na auna wannan magana. Tana arewa maso yamma da birnin Kano, gunduma ce da aka san ta da Madakin Kano tun zamanin En'e. Ƙasar noma ce wadda mutane suka cika maƙil, gari kusa da gari, gona jingine da gona, ba a cika barin saura ba, sai dai a yi ta kai taki kowace shekara a shuka gero da dawa da gyaɗa da wake. Cikinta kasuwar Dawanau ta ke, a kan hanyar Katsina, wadda a ke lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. A garin Dawakin Tofa kuma akwai ɗaya daga makarantun kimiyya biyu da Jihar Kano ta fara buɗewa a 1977, ɗayar tana Dawakin Kudu. Makarantun allo kuwa, babu ƙauyen da za a shiga ba a ji muryar almajirai ba. Ashe ke nan masu karatu ba su yi ƙaranci ba, na ajami da na boko. Abin tambaya shi ne, in yaro ya taso a Tattarawa ko Kwa ko Marke da baiwar waƙa ko ta tsara labari, ina zai kai abinsa?

Ƙofar Zariya

A zamanin da, kafin zuwan injin ɗab'i, malami ya kan tsara waƙarsa da ajami, almajiransa su kwafa da alƙalamin kara da tawada, wannan ya ara ya kwafa, wancan ya ara ya kwafa. Makafi da almajirai masu bara su haddace, su yi ta rerawa ƙofa ƙofa. Ta haka waƙoƙin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na 'yarsa Nana Asma'u suka gama ƙasar Hausa ba tare da inji ba. Hanyar nan tana da jinkiri, amma ba ta neman izinin kowa.

Cikin 1933 wani Bature mai suna Dokta Rupert East, shugaban ofishin fassara da talifi na Zariya, ya zaga manyan garuruwa yana roƙon malamai su rubuta labarai na ƙagawa da boko, aka yi gasa. Littattafai biyar suka fito daga gasar nan: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na Malam John Tafida tare da East kansa. In mai karatu ya duba sunayen nan zai ga dukansu mutanen da suka yi karatun boko ne, yawancinsu malaman makaranta ko ma'aikatan hukuma. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam ne editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. Cikin shekarun 1950 kuma, lokacin Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu yawa da boko da ajami, da jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Da aka rufe ta a 1959 aikin ya koma hannun Gaskiya, har aka kafa kamfanin NNPC a 1966.

Ƙofar nan ta Zariya ta yi wa Hausa aiki babba, babu mai musu. Amma fa ƙofa ɗaya ce, mai tsaronta kuwa yana duban abin da makarantu za su saya. Saboda haka wanda ke kusa da hukuma ya fi saurin shiga. Malam Mu'azu Haɗeja malamin makaranta ne, waƙoƙinsa suka sami fili a jarida, aka tara su cikin littafi, ga shi har yau ana karanta su ko da ya ke ya rasu tun 1958. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da ka ya ke tsara baitocinsa, wani ya rubuta masa. Imfirajinsa ya riga ya shiga bakin jama'a kafin inji ya kama shi, watau farin jinin waƙar ne ya ja maɗaba'a zuwa gare ta. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Labarin Alhaji Aƙilu Aliyu ya fi nuna tsawon jiran. An haife shi a Jega cikin 1918, ya yi karatun allo da na littattafai, ya zauna a Barno shekaru da dama, sa'an nan ya tare a Kano. Da ajami ya ke rubuta waƙa. Mutane sun daɗe suna jin muryarsa a taron siyasa da a rediyo, masana sun sallama masa wajen sarrafa harshe, amma littafinsa Fasaha Aƙiliya bai fito ba sai 1977, yana gab da shekara 60, shi ma sai da wani malamin jami'a, Dalhatu Muhammad, ya tsaya ya tsara shi da boko. Ya rasu a 1999. Alhaji Mudi Sipikin na Kano, wanda aka haifa a 1930, ya ga wannan wuya, sai ya tara mawaƙa cikin ƙungiyar da ya kira Hikima Kulob, suka riƙa karanta waƙoƙinsu a gidan rediyo, don kunne ya sami abin da ido bai samu ba. Cikinsu akwai 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Shi Mudi ya sami littafi a 1971, amma da yawa daga abokan tafiyarsa iska ta ɗauke muryarsu ke nan.

Ƙofar Kano

A ƙarshen shekarun 1970 NNPC ta sake yin gasa, aka buga littattafan da suka ci a 1980. Cikinsu akwai So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wadda a ke lissafawa mace ta farko da aka buga wa littafin ƙagaggen labari da Hausa, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Ba a daɗe ba al'amari ya juya. Kuɗin ƙasa ya karye, musamman daga 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya suka tsaya ga littattafan makaranta. Alhali kuwa a daidai lokacin nan ne masu karatu suka yi yawa irin wanda ba a taɓa gani ba. Yaran da suka shiga firamare kyauta a 1976 sun tasa. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi kuma ya kafa hukumar ilmin manya ta Jihar Kano a 1980, magidanta da matan aure suka cika azuzuwan yamma. Ga masu jin yunwar karatu, ga ƙofar Zariya ta tsuke.

Daga cikin azuzuwan nan na yamma waɗansu mashahuran marubuta suka fito. Malam Ado Ahmad Gidan Dabino, haifaffen ƙasar Dawakin Kudu a 1964, karatun allo ya fara yi, boko kuwa sai da ya girma ya same shi a ajin manya. Littafinsa In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, ya shiga gidaje birni da ƙauye, aka juya shi da Turanci, aka kuma yi fim da shi. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, sai daga baya ta koma ajin manya. Ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Wannan na biyu Malam Aliyu Kamal ya fassara shi da Turanci, wani kamfani na birnin Chennai a ƙasar Indiya ya buga shi a 2012. Dubi nisan tafiya, daga ajin yamma na Kano zuwa bakin tekun Indiya!

Su waɗannan ba su jira kowa ba. Ga yadda su ke yi. Marubuci ya rubuta labarinsa cikin littafin rubutu na 'yan makaranta, ya kai wa mai tafireta ya buga, ya tara kuɗi ko ya ci bashi ya saya takarda, ya kai ƙaramar maɗaba'a cikin gari. A kan raba labari kashi biyu ko uku, don kuɗin kashi na ɗaya ya buga na biyu. In littafi ya fito, shi da kansa zai ɗauka ya kai wa masu shaguna a kasuwar Sabon Gari, su kuma 'yan tebur da masu yawo a tashar mota su sara su kai ƙauyuka ran kasuwa. Sau da yawa sai an sayar a ke biyansa. Don su taimaki juna, Ado da Balaraba da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa da waɗansu suka kafa ƙungiyar Raina Kama, suna duba wa juna rubutu, suna tallata littattafan juna a bayan bango. Sunan ƙungiyar ma amsa ce ga masu raini, domin Bahaushe ya ce raina kama ka ga gayya.

Rainin kuwa an yi shi. Waɗansu masana suka kira aikin adabin kasuwar Kano, suka ce ba shi da inganci, ba a tace shi ba, soyayya ta yi masa yawa. Waɗansu iyaye da malamai suka ce yana ɓata tarbiyyar 'yan mata. A 2001 aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma har an ƙone waɗansu littattafai a bainar jama'a. Cikin sukar nan akwai gaskiya, don littafin da bai bi ta hannun edita ba ba ya rasa kurakurai. Amma wajibi ne a faɗi ɗaya gefen. Littattafan nan su suka riƙe dubban mata da karatu bayan sun bar aji, su suka kuma fito da maganar auren dole da kishi da sakin wulaƙanci fili, daga bakin waɗanda abin ya shafa. Aminu Ladan Abubakar, wanda a ke kira Alan Waƙa, shi ma ta ƙofar nan ya fara, da rubuta littattafai, kafin ya shahara da waƙa.

Ƙofar mai hali

To, a koma ga kansilan Dawakin Tofa. Hanyarsa ta bambanta da ta waɗannan duka. An haife shi a Kano ran 20 ga watan Yuni 1947, ya yi firamare a Shahuci, ya yi sakandaren lardi ta Kano, ya taɓa aikin kamfanin inshora, sa'an nan ya tafi London ya ƙaro ilmi a farkon shekarun 1970. Mai hali ne, kuɗin takarda ba zai tsaya masa a wuya ba. Turanci kuma yana bakinsa, da ya so da shi zai yi rubutunsa duka, kamar yadda manya da yawa ke yi in sun tashi ba da labarin rayuwarsu. Sai ya zaɓi Hausa, ya kuma zaɓi fannonin da kasuwa ba ta rububinsu, watau gyaran tunani, da sha'anin taurari da sararin sama, da labarun al'ajabi.

Abin da ya sa zaɓin nan ya ke da nauyi shi ne, littattafan kimiyya da Hausa ba su da yawa. East da Abubakar Imam sun rubuta Ikon Allah, mai bayanin halittu da yadda duniya ke gudana. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, labarin yaron da ya yi tafiya sararin sama. Bayan waɗannan, masu bin sawu kaɗan ne. Alhali manomin ƙasar Dawakin Tofa ya san Zara, ya san Gamzaki, ya san Kaza da 'Ya'yanta, malamansa kuma suna lissafin taurarin damina don sanin lokacin shuka. Ɗansa kuwa da ke makarantar kimiyya ta garin, da Turanci a ke koya masa tafiyar duniyoyi. In ya komo gida hutu, uba da ɗa sama ɗaya su ke kallo, amma babu littafin da za su buɗe tare. Irin giɓin da Kimiyyar Sararin Samaniya ya nufi cikewa ke nan. Sai dai ƙofar mai hali ta mutum ɗaya ce. Ba kowane mai hikima ke da dukiya ba, ba kowane mai dukiya kuma ke da sha'awar alƙalami ba.

Ƙofar waya

A zamanin nan wata ƙofa ta huɗu ta buɗe, ita ce wayar hannu. Cinikin ƙananan littattafan Kano ya ja baya ƙwarai, marubuta da yawa, galibinsu mata, sun koma sakin labari shafi shafi ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, waɗansu kuma a karanta nasu da murya a rediyo ko a YouTube. Yarinya tana ɗakin uwarta a ƙauye tana iya samun masu karatu a Maraɗi da Kumasi da Jidda ba ta biya kuɗin takarda ba. Wannan alheri ne. Amma ƙofar tana da nata lahani. Akan kwashe rubutun mutum a yaɗa ba da izininsa ba, wani lokaci har a cire sunansa. Babu edita mai gyara. In waya ta lalace ko ta ɓace, aikin shekara ya tafi. Sa'an nan kusan dukan abin da a ke yi da boko ne. Dattijon da ke tsara waƙa da ajami cikin zaurensa, takardunsa na cikin gafaka ko ƙarƙashin buzu, gara da ɗigar damina na jiransu. Jihar Kano ta taɓa fitar da jaridar Alfijir da ajami zalla tun farkon shekarun 1980, wannan ya isa shaida masu karatunsa suna nan. Har Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗauki hoton rubuce-rubucen ajami na Afirka ta Yamma ta adana, da na Hausa a ciki. Abin kunya ne na nesa ya san darajar abin da na kusa ya bar wa gara.

In an duba tarihin nan daga farko za a ga wani abu ya maimaitu sau uku. Gasar 1933 ta fito da Abubakar Imam da 'yan'uwansa. Gasar NNPC ta fito da Hafsatu Abdulwahid. Gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, ta fito da sababbin sunaye waɗanda da ba a san su ba. Kowane karo da aka yi shela aka ce a kawo rubutu, aka sa alƙalai masu adalci, aka yi alkawarin bugawa, sai marubuta su ɓullo daga inda ba a zata ba. Watau suna nan tun da, kira ne ba a yi ba.

Hatsin ƙasar Dawakin Tofa ba ya rasa hanya. Manomi ya girbe, akwai mai awo, akwai dillali, akwai rumbun ajiya a Dawanau, akwai motar da za ta kai shi Nijar ko Kudu. Littafi kuwa ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan a karkara. Ba abu ne mai wuya ba attajiran kasuwar nan, da tsofaffin ɗaliban makarantar kimiyya, da hakimi da dagatai, su haɗa kai su sa gasa shekara shekara, ta waƙa da ta labari da ta bayanin kimiyya, a karɓi rubutu da ajami da boko daidai wa daida. A nemi malaman Hausa na Jami'ar Bayero su yi alƙalanci su gyara, a buga abin da ya ci, a ajiye kofe a kowace makaranta ta gundumar. Magada kuma da ke riƙe da takardun iyayensu malamai, su bari a ɗauki hotonsu tun ba su ruɓe ba, asalin ya zauna a hannunsu. Kuɗin da za a kashe bai kai na bikin aure guda na mai hali ba.

Alhaji Aƙilu ya jira kusan shekara 60 kafin ya riƙe littafinsa, ya kuwa yi sa'a da ya ga ranar. Waɗanda ke zaune yanzu cikin ƙauyuka da irin baiwarsa, bai kamata a bar su ga sa'a kaɗai ba. Allah ya ji ƙan mazan jiya da suka riƙe alƙalami, ya ba na baya ikon ɗorawa, amin.